Biyer-sheba, Garin da Rijiya Ta Kafa a Bakin Hamada

A wajen ƙofar wani tsohon kufai da ke kan tudu, a inda ƙasar noma ta Falasɗinu ke ƙarewa hamadar Naƙab ta fara, akwai wata rijiya mai zurfin mita 69. A lissafin masu haƙar rijiya na ƙasar Hausa, ta tasam ma gaba 40. Da hannu aka haƙa ta, aka ratsa dutse har aka tarar da ruwa, tun zamanin da babu inji babu nakiyar fasa dutse. Kuma a wajen ganuwa take, ta yadda ayarin fatake da makiyayi mai wucewa za su sha su shayar da dabbobinsu ba tare da an buɗe musu ƙofar gari ba.

Wannan kufai shi ne abin da ya rage na tsohuwar Biyer-sheba, wadda Larabawa ke kira Bi'irus Saba'i. Mai karatun Littafi Mai Tsarki na Hausa ya saba da sunan tun daga Littafin Farawa. Malamin zaure da ya leƙa manyan littattafan tarihin annabawa shi ma ya gamu da shi. Amma kaɗan ne suka san cewa garin yana nan da ransa, da mutane fiye da 200,000, da jami'a da babban asibiti, kilomita kaɗan yamma da kufan.

Ruwan saman da ke sauka a can a shekara bai wuce milimita 200 ba. Yelwa ta ƙasar Yauri tana samun kimanin milimita 1,000, ga kuma kogin Kwara a bakin ƙofa. Manomin Shanga ko Ngaski da aka ce ya yi shuka da kashi ɗaya cikin biyar na damunarsa zai ce ba a yi damuna ba. Su kuma mutanen Biyer-sheba da wannan ɗan yayyafi suke shuka sha'ir, shekara ta yi kyau su girbe, ta ƙi su kora awaki da raƙuma su nemi gaba. Ɗan ruwan ma a lokacin sanyi yake zuwa. Ya kan sauka a duwatsun Halil, ya gangaro da ƙarfi ta cikin busassun ƙoramu, ya yi ambaliya ta 'yan sa'o'i, washegari a wayi gari sai laka. Kufan yana daidai mahaɗar irin waɗannan ƙoramu guda biyu, ta Halil da ta Biyer-sheba, kuma ruwan da ke nutsewa a gadonsu shi ne rijiyoyin yankin ke tsotsa.

Rikicin rijiya da tumaki bakwai

Labarin da ya ɗaukaka garin yana cikin sura ta 21 ta Littafin Farawa. Annabi Ibrahim, Alaihis Salam, yana zaune da dukiyarsa ta dabbobi a kudancin ƙasar, ya haƙa rijiya, sai barorin Abimelek, sarkin Gerar, suka ƙwace ta. Da sarkin ya zo neman su ƙulla amana, Ibrahim ya kawo masa ƙarar rijiyar. Sarki ya ce shi bai ji labari ba sai ran nan. Aka yi rantsuwa, Ibrahim ya ware 'yan tumaki mata bakwai ya miƙa wa sarki, domin karɓarsu ta zama shaida cewa shi ne ya haƙa rijiyar. Daga nan sunan wurin ya fito, domin a harshen Ibraniyanci kalmar bakwai da ta rantsuwa tushensu ɗaya. Bayan haka Ibrahim ya dasa itace a wurin, ya yi addu'a.

Duk wanda ya taɓa zama a fadar hakimi ko gaban mai gari lokacin da ake sasanta makiyayi da masu gari kan mashaya zai gane wannan zama. Baƙo ne mai garke, ya yi wahalar haƙa, masu ƙasa suna ganin ruwan ƙasarsu ne. Abin da ya kashe wutar shi ne an kai magana gaban mai iko, an faɗe ta a fili, an kafa shaida da abin da kowa ya gani da idonsa. Sura ta 26 ta nuna cewa rigimar ta sake tasowa a zamanin Annabi Ishaku: Filistiyawa sun cike rijiyoyin mahaifinsa da ƙasa, makiyayan Gerar sun yi ta jayayya da nasa kan sababbin da ya haƙa, yana barinsu yana matsawa gaba, har aka sake ƙulla amana a Biyer-sheba, ranar kuma barorinsa suka zo da albishir cewa sun sami ruwa.

Malaman tarihin Musulunci ma sun adana nasu labarin. Imam Ɗabari, a babban littafinsa na tarihi, ya kawo ruwayar cewa Annabi Ibrahim ya sauka a wani wuri mai suna Saba'u a ƙasar Falasɗinu, ya haƙa rijiya, ya yi wurin sallah. Mutanen wurin suka cutar da shi, ya tashi ya bar musu, sai ruwan ya ƙafe. Suka bi shi suna roƙon ya dawo. Bai dawo ba, amma ya ba su awaki bakwai ya ce su kai su bakin rijiyar, da suka kai kuwa ruwa ya taso. Ruwayoyin biyu sun bambanta a wurare, amma sun haɗu a kan rijiya, da dabbobi bakwai, da baƙon da aka zalunta.

Akwai inda bambancin ya fi girma, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake. Littafin Farawa ya ce a jejin Biyer-sheba ne Nana Hajara ta yi ta yawo da ɗanta Isma'ila bayan ruwan salkarsu ya ƙare, har Allah ya nuna mata rijiya. A wajen Musulmi wannan ya faru ne a kwarin Makka, tsakanin Safa da Marwa, kuma rijiyar ita ce Zamzam. A ƙasar Yauri, inda Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya suna shiga jirgi ɗaya, sanin abin da maƙwabci ya yarda da shi ba ya rage wa kowa nasa.

Daga baya sunan garin ya riƙa fitowa nan da can. Annabi Yakubu ya tsaya ya yi hadaya a wurin a kan hanyarsa ta zuwa Masar wajen Yusufu. 'Ya'yan Annabi Sama'ila biyu sun yi alƙalanci a can, aka zarge su da cin hanci. Annabi Iliya, wanda Musulmi ke kira Ilyasu, ya bar baransa a garin lokacin da ya gudu daga Sarauniya Yezebel, ya nausa cikin hamada shi kaɗai. Idan marubutan wancan zamani suna son ambaton ƙasar baki ɗaya, sai su kama garin Dan a ƙarshen arewa da Biyer-sheba a ƙarshen kudu.

Abin da ƙasa ta bayar da aka tona

A shekarun 1950 wani Bafaranshe mai binciken kayan tarihi, Jean Perrot, ya yi haƙa a Abu Matar da Bir Safadi, a bakin ƙoramar. Ya tarar da gidajen da aka fafe a ƙarƙashin ƙasa, ɗakuna da hanyoyi a tsakaninsu, na mutanen da suka rayu kimanin shekara 6,000 da suka wuce. Suna narkar da tagulla daga ma'adinin da ake kawowa daga Fainan, a ƙasar Jodan ta yau, suna kuma sassaƙa 'yan mutum-mutumi da hauren giwa. Wato tun kafin zamanin Annabi Ibrahim da nisa akwai maƙera da masassaƙa a wannan bakin hamada.

Shi kuwa tudun, Yohanan Aharoni na Jami'ar Tel Abib ne ya fara tona shi a 1969, aikin ya ci gaba har tsakiyar shekarun 1970, Ze'ev Herzog ya ɗora daga inda ya tsaya. Abin da suka buɗe gari ne a kan gari, wani a bisa kufan wani. Wanda ya fi fitowa sarai shi ne na ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, zamanin sarakunan Yahuza. Ƙarami ne ƙwarai, faɗinsa kadada ɗaya da ɗoriya, mazaunansa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Amma an zana shi kafin a gina shi. Titi ɗaya ya kewaye cikin garin yana bin ganuwa, gidaje suna jere a gefensa, ɗakunansu na baya suna cikin kaurin ganuwar kanta. Daga shiga ƙofa akwai fili, kusa da shi gidan mai mulki, ga kuma dogayen sito uku masu ginshiƙan dutse inda aka sami tukwane da tuluna masu yawan gaske. Garin ma'aikatan sarki ne da dakarunsa, masu tsaron iyaka da karɓar haraji a kan hanyar fatake.

Aikin ruwansu ne ya fi kama hankali. Rijiyar waje ba ta da amfani ranar da abokan gaba suka kewaye gari, don haka suka yi wata dabara a ciki. A kusurwar arewa maso gabas suka haƙa wani ƙaton rami mai kusurwa huɗu, suka ɗaure bangonsa da dutse, suka yi matakala tana bin bangon tana sauka. A ƙarshenta akwai ɗakuna biyar da aka fafe cikin farin dutse, aka shafe su da farar ƙasa mai kauri don kada ruwa ya tsiyaye. Jimillar abin da suke ɗauka ya kai lita 700,000. Wata magudana ce ke kamo ambaliyar ƙoramar Halil daga waje, ta bi ta ƙarƙashin ganuwa ta zuba a ciki. Ruwan da ya zo cikin 'yan sa'o'i sai ya zauna a duhu da sanyi har ƙarshen rani. A yau mai ziyara yana iya sauka ta matakalar, ya ratsa ɗakunan, ya ga shafen a jikin bango, ya fita ta wajen tudun. Ko ruwan da ya sauka a kan rufin gidaje ba su bar shi ya tafi yadda ya ga dama ba, sun yi masa hanya a ƙarƙashin tituna har bakin ƙofa.

A 1973 masu haƙar suka lura da wasu duwatsu sassaƙaƙƙu a cikin bangon sito, waɗanda ba su yi kama da sauran ba. Da aka zaro su aka harhaɗa, sai ga bagaden hadaya mai ƙahoni a kusurwoyinsa, tsayinsa ya ɗara mita ɗaya da rabi. Wani ne ya rushe shi da gangan ya mai da duwatsun kayan gini. Aharoni ya danganta wannan da gyaran da Sarki Hezekiya ya yi, lokacin da ya hana hadaya a ko'ina sai a Urushalima. Annabi Amos ma ya ambaci Biyer-sheba cikin wuraren ibadar da ya tsawata wa mutane a kansu. Ainihin bagaden yana gidan tarihi a birnin Ƙudus, wato Urushalima, kwafinsa ne ke wurin. Garin kansa wuta ce ta cinye shi, kuma yawancin masana suna ganin yaƙin Sennakerib sarkin Assuriya ne na shekara ta 701 kafin Miladiyya. A 2005 hukumar UNESCO ta sa kufan cikin jerin kayan gadon duniya, tare da Magiddo da Hazor.

Wani abu da masu kai baƙi yawon ziyara ba su cika jaddadawa ba shi ne cewa a kan tudun ba a sami gini ko tsingaro na zamanin da ake kyautata zaton Annabi Ibrahim ya rayu ba. Wannan bai zama abin mamaki ba. Nassin bai ce ya gina birni ba, makiyayi ne mai alfarwa, kuma duk wanda ya ga mashekarin Fulani bayan damuna biyu da tashinsu ya san abin da ake tararwa. A cikin sabon garin akwai wata rijiya da ake kira Rijiyar Ibrahim. Ba'amurke Edward Robinson, da ya ziyarci wurin a 1838, ya bayyana yadda igiyoyin guga suka ci duwatsun bakin rijiyoyin har suka yi musu kwari-kwari masu zurfi. Ginin da ke jikinta kuwa an sami rubutun Larabci a kansa na ƙarni na 12 Miladiyya. Rijiya aba ce da ake yashewa ana sake ɗaure ta zamani bayan zamani, don haka shekarun dutsen baki ba sa faɗin ranar da aka fara haƙa.

Rumawa sun ajiye sansanin soja a wurin, Kiristocin zamanin Bizantiya suka gina majami'u, sunan garin ya fito a taswirar Madaba ta ƙarni na 6. Bayan zuwan Musulunci, sahabi Amru ɗan Asi, wanda ya buɗe Masar, yana da gandu a yankin. Sannu a hankali garin ya mutu, aka bar rijiyoyi da Larabawan ƙauye, ƙabilun Azazma da Tarabin da Tiyaha, suna shayar da raƙuma. A 1900, zamanin Sarkin Musulmi Abdulhamid na Biyu, Turkawa suka yanka sabon gari mai miƙaƙƙun tituna don su riƙa gudanar da mulkin ƙabilun. Suka gina gidan gwamnati, da masallaci a 1906, da makarantar 'ya'yan shehunai, jirgin ƙasa ya iso a 1915.

Ranar 31 ga Oktoba 1917, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, rundunar Janar Allenby ta Ingila ta afka wa garin, kuma ruwa ne ya sa ta gaggawa. Dubban dawakai sun yi tafiyar dare cikin hamada, idan ba a kama rijiyoyin kafin duhu ba dole a ja da baya. Da la'asar sakaliya mahayan Ostareliya kimanin 800 suka yi sukuwa kai tsaye kan ramukan Turkawa, suka tsallake su suka shiga gari. An riga an ɗaura wa rijiyoyin nakiya, amma ba a samu damar fasa yawancinsu ba.

A 1945 mazaunan garin 5,570 ne, kusan dukkansu Larabawa. Shirin raba ƙasa na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1947 ya sa shi a ɓangaren Larabawa, amma ranar 21 ga Oktoba 1948 sojojin Isra'ila suka kama shi. Mutanensa wasu suka gudu, wasu aka kore su, da yawa suka ƙare a Gaza, inda jikokinsu suke cikin bala'in da duniya ke gani. Daga dubun-dubatar Larabawan Naƙab, kimanin 11,000 ne suka rage. Masallacin 1906 yana tsaye da hasumiyarsa, amma ba a sallah a cikinsa. Bayan doguwar shari'a, kotun ƙolin Isra'ila ta yanke a 2011 cewa ya zama gidan tarihin al'adun Musulunci.

Birnin yau ba ya dogara da rijiya. Bututu ne ke kawo masa ruwa daga nesa, har da ruwan teku da aka cire wa gishiri. A Hatzerim, ƙauyen da ke kusa, aka kafa kamfanin Netafim a 1965, mai ƙera tiyon ban-ruwa da ke ɗiga wa kowace shuka ruwa a gindinta, dabarar da yanzu ta kai har gonakin rani na arewacin Najeriya. Wannan basira ce da ta cancanci a koya. Sai dai 'yan kilomita daga waɗannan gonaki akwai ƙauyukan Larabawa kusan 35 da gwamnati ba ta amince da zamansu ba, ba a haɗa su da famfo ko lantarki yadda aka yi wa sauran garuruwa ba, da yawansu da tanka suke ɗebo ruwa. Ƙauyen Araƙib an rushe shi fiye da sau 200 tun 2010. Ƙarar da Annabi Ibrahim ya kai gaban Abimelek ita ce makiyayan wannan ƙasa suke kaiwa har yau, kuma hana mutum ruwan sha a ƙasar kakanninsa zalunci ne ko wane ne ya yi shi.

Kufan da ke bayan gidanmu

Mutanen Yauri sun san yadda ruwa ke tayar da gari, sai dai su yawansa ne ya tashe su. An fara gina madatsar Kainji a 1964, tafkin ya cika a 1968. Tsohuwar Bussa ta nutse, gungunan da Gungawa suka yi ƙarnoni suna noman albasa a kansu da yawa sun tafi, fiye da mutum 40,000 aka kwashe zuwa sababbin matsugunai. Kafin ruwan ya iso, masu binciken kayan tarihi sun yi rige-rige da shi. David Breternitz ya tona tudun Baha. Barbara Priddy ta tona wani tudu kusa da Yelwa, inda aka sami kayan ƙarfe da 'yan mutum-mutumi na yumɓu, aka ƙiyasta zaman wurin tsakanin shekara ta 100 da ta 700 Miladiyya. Waɗannan tuddai irin na Biyer-sheba ne, zama a kan zama. Abin da ba a kai ga tonawa ba yana ƙarƙashin tafki.

Wanda bai nutse ba shi ne Birnin Yauri, a ƙaramar hukumar Ngaski, tsohuwar fadar sarakunan Yauri kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya zauna a Yelwa a 1888. Birni ne mai ganuwa a kan hanyar fataken goro tsakanin Kano da Gwanja, kuma 'yan'uwan nan Turawa biyu, Richard da John Lander, sun sauka a cikinsa a 1830. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya rubuta tarihin Yauri na ƙarni na 19 tun a shekarun 1960. Faɗin da ganuwar ta kewaye ya ninka na tsohuwar Biyer-sheba sau da yawa, amma ganuwar ƙasa ce, kowace damuna tana cin rabonta, garma da masu ɗibar ƙasar gini da masu neman zinariya suna ƙarasa saura. Surame kuwa, tsohon birnin Kanta, ta samu shiga jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007. Masarautar Yauri da gwamnatin Kebbi suna da ikon gayyatar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello su auna ganuwar Birnin Yauri, su shata iyakarta, su naɗi bayanan dattawan da suka san gungunan kafin 1968. Wanda ya yi wayo a gungu kafin ruwa ya hau, yau ya haura shekara 65, don haka aikin naɗar muryoyinsu ya kamata a fara shi a wannan rani.